Maƙoƙo ya ragu, amma ƙwaƙwalwar jariran Kebbi na buƙatar tsaro

Dattawa a ƙasar Hausa sun san maƙoƙo farin sani. A da ba abin mamaki ba ne a ga mace a kasuwa ko a bakin rijiya da ƙullutu a wuya, tana rufe shi da gyale. Yau da wuya matashi a Birnin Kebbi ko Argungu ya ga irin haka, har wasu na ɗauka cutar ta zama labari.

Dalilin raguwarta sananne ne. A shekarar 1993 Najeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a cikin duk gishirin da ake sayar wa jama'a domin ci. A lokacin an ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na yaran da aka duba a ƙasar suna da kumburin maƙoƙo. Zuwa 2005 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida cewa gishiri mai aidin ya wadata a gidajenta, a zamanin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ke shugabantar hukumar NAFDAC.

Wannan nasara ce ta gaske. Sai dai kumburin wuya shi ne ɓangaren da ido ke gani. Babbar ɓarnar tana aukuwa ne a cikin ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta jariri, inda babu mai gani sai bayan shekaru, lokacin da yaro ya kasa yin magana a kan kari, ko ya shiga aji ya kasa riƙe karatu. A wannan fannin, Jihar Kebbi na da sauran aiki.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tayirod. Aikinta shi ne ta ɗebi aidin daga jini ta haɗa wasu sinadarai biyu, T4 da T3. Lambobin suna nuna yawan ƙwayar aidin da ke jikin kowanne. Idan babu aidin, babu yadda za a haɗa su. Tsokar sai ta yi ta ƙoƙarin tatsar ɗan abin da ke cikin jini har ta kumbura. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo.

T4 shi ne ya fi yawa a cikin jini. Idan ya isa ƙwaƙwalwa, wasu ƙwayoyi da ke hidimar jijiyoyi sukan cire masa aidin ɗaya, ya koma T3, wanda shi ne mai aikin. Daga nan T3 ya shige cikin ƙwayar jijiya, ya nufi tsakiyarta, inda aka ajiye umarnin gado. A can akwai masu karɓar saƙo da ke zaune a kan umarnin suna jira.

A shekarar 1986 ne ƙungiyoyin masana biyu suka gano waɗannan masu karɓar saƙon, ɗaya ƙarƙashin Ronald Evans a Amurka, ɗaya ƙarƙashin Björn Vennström a Jamus. Iri biyu ne, alfa da beta. Alfa ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙashi. Beta ya fi yawa a hanta, yana kuma da hannu wajen ginin sashen ji na cikin kunne da sashen ido mai bambance launi.

Manomin shinkafa na rani zai fahimci yadda suke aiki cikin sauƙi. Mai karɓar saƙon kamar mai tsaron bakin kwata ne a fadama. Idan saƙon T3 ya iso, sai ya buɗe, ruwa ya shiga fage. Idan saƙon bai zo ba, yakan danne bakin kwatar ya hana ko ɗigo wucewa. Shi ya sa ƙarancin wannan sinadari ke da muni ƙwarai: umarnin da ya kamata ya tashi ya yi aiki, ana riƙe shi ne a kulle.

Ayyukan da ke jiran wannan buɗewar manya ne. Sababbin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sai sun yi ƙaura daga inda aka halitta su zuwa mazauninsu na dindindin. Sai sun fitar da rassa sun haɗu da juna. Jijiyoyi sai an lulluɓe su da wani rufi mai maiƙo, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, domin saƙo ya yi gudu. Sashen ƙeya mai kula da daidaiton tafiya shi ma yana dogaro da wannan sinadari. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan yana da lokacinsa. Idan lokacin ya wuce, ko an kawo sinadarin daga baya ba zai mayar da komai yadda ya kamata ya kasance ba, kamar yadda ruwan da ya zo bayan shuka ta bushe ba ya tayar da ita.

Shaidar muhimmancin masu karɓar saƙon ta fito ne daga wasu marasa lafiya ƙalilan. A 1967 likita Samuel Refetoff ya bayyana wani iyali da jininsu ke cike da sinadarin, amma jikinsu ba ya amsa shi yadda ya kamata, kuma yaran kurame ne. Daga baya aka gano matsalar tana jikin beta. A 2012 masana a Kambirij ta Ingila suka bayyana wata yarinya mai lahani a jikin alfa, tana da gajarta da jinkirin girma da taurin bayan gida mai tsanani, alhali gwajin jininta bai kauce sosai ba. Irin waɗannan cututtukan gado ba su da yawa. Abin da ya fi damun talakan Kebbi shi ne wanda ya fi sauƙin magani: mai karɓar saƙon lafiyarsa ƙalau, saƙon ne bai iso ba.

Watannin farko na ciki

Tsokar tayirod ta ɗan tayi ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, kuma ba ta samar da abin kirki sai wajen mako na 18 zuwa 20. Kafin nan, duk abin da ƙwaƙwalwarsa ke buƙata daga jinin uwa yake zuwa, ta hanyar mabiyiya. Waɗannan su ne watannin da mace a ƙasar Hausa kan ɓoye cikinta saboda kunya, musamman cikin fari. Su ne kuma watannin da ba a cika zuwa awo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Abin da mutum ke buƙata a tsawon rayuwarsa duka bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, amma dole ya riƙa shiga jiki kaɗan-kaɗan ba yankewa.

Idan ƙarancin ya yi tsanani, yakan jawo ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko yaro mai gajarta da kurumta da taɓuwar fahimta. Idan matsakaici ne, yaron zai tashi kamar kowa, sai dai an rage masa wani abu daga basirar da ya kamata ya samu. Wani nazari da aka wallafa a 1994, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna ratar maki kusan 13 a ma'aunin basira tsakanin al'ummomin da ke fama da ƙarancin aidin da waɗanda ba sa fama da shi. A ƙasar Papuwa Niyu Gini kuma, wani gwaji da aka wallafa a 1971 ya nuna cewa allurar mai mai ɗauke da aidin tana kare jariri idan an yi wa mace kafin ta ɗauki ciki. Idan an bari sai ciki ya yi nisa, kariyar ba ta cika.

Darasin a fili yake. Shirin da ke jiran mace ta zo awo a wata na shida ko na bakwai ya makara. Dole aidin ya kasance a tukunyar gidan tun tana budurwa.

Me ya sa Kebbi ke cikin haɗari?

Aidin ya fi yawa ne a teku da abincin da ke fitowa daga cikinsa. Kebbi na da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku. Ƙasar da ruwa ke wankewa shekara da shekaru takan rasa aidin ɗinta, kuma kwarin Rima wuri ne da ambaliya ke ziyarta kusan kowace damina. Fadamar da ke ba jihar shinkafa ba ta da tabbacin ba ta aidin.

Wani zai ce ai Kabawa masu kifi ne. Gaskiya ne, bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934 ya kai sunan Matan Fada ko'ina a duniya, kuma kifi abinci ne mai gina jiki. Amma kifin gulbi bai kai na teku yawan aidin ba ko kusa. Giwan ruwa da tarwaɗa ba za su cike gurbin gishiri mai aidin ba.

Sai kuma gero, abincin yau da kullum a fura da kunu da tuwo. Binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan ya nuna cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfin aiki. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba ma haka yake. Wannan ba dalili ba ne na barin gero. Inda aidin ya wadata, illar ba ta zama abin damuwa. Inda ya yi ƙaranci ne gero ke ƙara wa matsalar nauyi.

Ga kuma batun iyaka. Kebbi na maƙwabtaka da Nijar da Benin. Tun kafin zuwan Turawa, fatake ke shigo da gishirin Foga daga yankin Gaya, da na Bilma daga hamada, zuwa kasuwanni irin su Jega. Irin wannan gishirin gargajiya, da manda da ake ba dabbobi, ba a bi da su ta masana'antar da ke sanya aidin. Idan rayuwa ta yi tsada, magidanci kan nemi mafi araha, kuma ba wanda zai zarge shi.

Ko gishirin kamfani ma yana iya rasa amfaninsa a hanya. Ƙa'idar Najeriya ita ce kowane kilo ya ɗauki miligiram 50 na aidin a masana'anta, ya kuma rage aƙalla 30 a lokacin da ya isa hannun mai sayarwa. Buhun da aka farke aka bar shi a buɗe, rana na dukansa, raɓa na sauka a kansa, ana aunawa da gwangwani mako bayan mako, yana zubar da aidin ɗinsa sannu a hankali. Mai saye ba zai gane ba, domin launi da ɗanɗano ba sa sauyawa.

Jaririn da ake yaba wa haƙuri

Akwai matsala ta biyu da gishiri ba ya magance ta. A duk duniya, cikin kowace haihuwa 2,000 zuwa 4,000 akan sami jariri ɗaya da aka haifa ba shi da tsokar tayirod, ko tana nan amma ba ta aiki. Wannan na faruwa ko a ƙasashen da aidin ya wadata. Lissafin na nufin cikin haihuwa 100,000, jarirai 25 zuwa 50 ne ke zuwa da wannan larura.

A kwanakin farko irin wannan jaririn ba ya nuna alama, domin akwai ragowar abin da ya samu daga uwa. Ranar suna kowa zai gan shi lafiya lau. Bayan makonni sai a lura yana yawan barci, ba ya kuka sosai, sai an tashe shi kafin ya sha nono. Kakanni kan ce an dace da yaro mai haƙuri. Daga nan sai shawarar da ta ƙi wucewa, taurin bayan gida, fitowar cibiya, faɗin maɗiga, dusasshiyar murya, sanyin jiki, da harshen da ya yi girma har yana leƙowa waje. Kafin a gama haɗa waɗannan alamomin wuri guda, an rasa watanni. A wasu gidajen akan ce iska ce, ko a ce ɗan ruwa ne, a shiga neman magani inda ba a nan yake ba.

Abin takaici, maganin na daga cikin mafi sauƙi a harkar lafiya. Ƙwaya ce guda a rana, mai suna lebotairoksin, ana murƙushe ta a ɗan ruwa ko ruwan nono. Idan an fara cikin makonni biyu na farko, yawancin yaran kan girma da basira irin ta kowa. Idan an yi jinkiri na watanni, ƙwayar za ta gyara girman jiki, amma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa ba zai dawo duka ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanyar gano su ita ce gwajin jini daga diddigen jariri, 'yan ɗigo a kan takarda ta musamman, kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa. An fara wannan shiri a lardin Kebek na Kanada a 1974, kuma yau ƙasashe da yawa na yi wa kowane jariri. Najeriya har yanzu ba ta da shirin ƙasa baki ɗaya na wannan gwajin.

Hujjar masu cewa ba yanzu ba

Masu tsara kasafin lafiya na da hujjar da ya kamata a saurara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa Kebbi ce kan gaba a Najeriya wajen zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙananan yara, inda aka samu cutar a jinin fiye da rabinsu. A lokacin, kusan kashi biyu cikin uku na yaran jihar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Haihuwar da ake yi a asibiti a lokacin kuma ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Za a iya cewa jihar da ke fama da waɗannan ba ta da sararin neman jariri ɗaya cikin dubu uku.

Amsar kashi biyu ce. Na farko, tsaron gishiri ba ya cin kuɗin a-zo-a-gani. Akwai ɗan ruwan gwaji a ƙaramar kwalba, ana ɗiga shi a kan gishiri, idan akwai aidin ya koma shuɗi mai duhu nan take. Jami'in duba-gari ko malamin makaranta zai koyi amfani da shi cikin mintuna kaɗan. Kuma amfaninsa ya shafi kowane ciki da aka ɗauka a jihar.

Na biyu, gwajin jarirai ba sai an fara shi a ko'ina rana ɗaya ba. Asibitin tunawa da Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya da ke Birnin Kebbi na karɓar haihuwa kullum, haka ma babban asibitin Argungu. Daga nan ya dace a fara. Takardar jinin idan ta bushe ana iya aika ta ɗakin gwaji guda daga wurare masu nisa, kuma diddigen da aka huda sau ɗaya zai iya bayar da jinin gwajin sikila. Jariran da aka haifa a gida ana iya samun su a ranar allurar rigakafin farko. Kuɗin da za a kashe a gano yaro ɗaya a ba shi ƙwaya, bai kai abin da iyali za su ɗauka na kula da shi tsawon rayuwa ba, balle a yi maganar uwar da za ta bar sana'arta ta zauna jinya.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnatin Jihar Kebbi, tare da NAFDAC da hukumar SON, ya kamata su mayar da gwajin gishiri aikin yau da kullum a babbar kasuwar Birnin Kebbi da kasuwannin Argungu da Jega da Kamba, su kuma riƙa bayyana sakamakon ga jama'a. Manufar ita ce a gano inda gishiri marar aidin ke shigowa, a kuma koya wa 'yan kasuwa yadda ake adana shi. Kama mai tebur ɗin da ke sayar da ƙulli-ƙulli ba zai gyara komai ba.

Ma'aikatar lafiya ta jihar na buƙatar sanin halin da ake ciki a yau. Auna aidin a fitsarin mata masu ciki da 'yan makaranta a ƙananan hukumomi 21 na jihar zai nuna inda giɓin yake. Alƙaluman ƙasa baki ɗaya kan ɓoye halin ƙauyen da ke bakin iyaka.

Ungozomomi da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su ne ke fara ganin jariri. Ya kamata a koya musu cewa shawarar da ta wuce mako biyu, ko jaririn da barci ya hana shi shan nono, dalili ne na tura shi babban asibiti a ranar. Matar da ke da maƙoƙo, ko wadda ta sha yin ɓari, ko wadda ake da ciwon tayirod a danginta, ta cancanci gwajin jini tun farkon ciki. Wadda ke shan maganin tayirod kada ta daina don ta samu ciki. Galibi ma ƙara mata ake yi, bisa shawarar likita.

Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru sun taka rawa a yaƙi da shan-inna, kuma muryarsu na isa lungunan da sanarwar gwamnati ba ta kaiwa. Saƙon da za su isar ta bakin hakimai da limamai gajere ne: a sayi gishirin da ke cikin leda mai lambar NAFDAC, a zuba shi a mazubi mai murfi nesa da murhu da danshi, a bar wa dabbobi manda, mai ciki kuma ta fara awo da wuri.

Akwai gargaɗin da dole a haɗa da saƙon. Ba a ce a ƙara yawan gishiri a miya ba. Hawan jini na kashe mutane, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana. Abin da ake nema shi ne ɗan gishirin da ake ci ya kasance mai aidin. Haka nan aidin ɗin da ake shafa wa ciwo ba na sha ba ne, guba ne idan an haɗiya. Kuma ba kowane kumburin wuya ne ƙarancin aidin ke kawowa ba. Wanda ke ramewa duk da yana cin abinci, gabansa na yawan faɗuwa, hannunsa na rawa, idanunsa na fitowa, wataƙila tsokar tasa aiki take fiye da kima, kuma maganinsa daban ne. Likita ne zai bambance.

Kebbi na kashe kuɗi wajen gina ajujuwa da ɗaukar malamai, kuma hakan ya dace. Sai dai yaron da zai zauna a ajin, an gama babban ɓangaren ginin ƙwaƙwalwarsa shekaru kafin ya sanya kayan makaranta, tun yana cikin mahaifiyarsa da kuma lokacin da yake goye a bayanta. Ranar 25 ga Mayu ce ranar tayirod ta duniya, 21 ga Oktoba kuma ranar yaƙi da ƙarancin aidin. Zai yi kyau a ce kafin ɗaya daga cikinsu ta zagayo, jihar ta bayyana sakamakon gwajin gishirin kasuwanninta, ta kuma sanar da asibitin da zai fara gwada jarirai.